Wuta Daga Ƙasan Teku

Alhaji Tankari ya daɗe yana cin abinci da duhun Kano. Janareta yake sayarwa a Sabon Gari, kuma idan aka ɗauke wuta a unguwarsu, shi kaɗai ne ba ya tsaki. A wannan zuwan nasa Guangzhou ya samu abin da abokan sana'arsa ke nema ido rufe: gurbin oda na ƙarshe a masana'antar janareta ta Madam Liang, kafin ma'aikata su watse hutun sabuwar shekarar Sin. Duk wanda ya rasa wannan gurbin, kayansa ba za su isa Kano ba sai zafi ya wuce, ciniki ya bi shi.

A ƙofar masallacin Huaisheng, bayan an sauko Juma'a, aka haɗa shi da Injiniya Dogara. Siririn mutum ne mai magana a hankali, babba a wani kamfani da ke haƙar iskar gas a tsakiyar teku, nesa da gaɓar Najeriya. Ya zo gabatar da jawabi ne a taron makamashi a wani otal a unguwar Liuhua. Alhaji yana son a gan shi da masu ilimi, don haka ya ja shi cin tuwo a unguwar Dengfeng.

Sai da aka matsa wa Injiniya sannan ya yi bayani. Ya kifa kwano a kan tebur, ya ce wannan ƙasan teku ne. Ya tsayar da cokali a kai, ya ce wannan bututu ne, kuma zurfin ruwan kaɗai ya kai tafiyar Sabon Gari zuwa Fagge. Gas zai hau, ya bi bututu zuwa tudu, ya juya injinan wuta dare da rana.

"Alhaji, nan da ɗan lokaci yaro a Kano zai tambayi ubansa mene ne janareta."

Daga nan ya tambayi Alhaji sana'arsa. Da ya ji, ya ajiye cokalin, ya dube shi irin kallon da likita ke yi wa wanda ya zo asibiti a makare. Ya tambayi sunan masana'antar, da ranar lodi, da ko wayar cikin injin jan ƙarfe ce zalla ko an gauraya ta. Alhaji ya amsa duka, yana mamakin yadda ilimi ba ya barin ko'ina.

"Allah Ya tsare mu da asara," in ji Injiniya. "Amma don Allah maganar nan kar ta wuce teburin nan."

Ranar taro Alhaji ya zauna a sahun gaba. Turancin bai shige shi sosai ba, amma ya ga taswirar Najeriya a kan allo, fitilu suna kamawa daga bakin teku suna hawa arewa, har Kano ta haska kamar gidan biki. Sinawa suka yi tafi. Shi ma ya yi, har ya fi su daɗewa.

Da yamma ya kira Madam Liang ya ce ya fasa odarsa. Ya shirya jin magiya, sai ta ce to, ta yi masa godiya, ta kashe waya. Ya ɗauki hakan a matsayin girman kai irin na masu masana'anta.

Jarin kuwa ya juye shi a kan dutsen guga, da butar dafa ruwa, da risho na lantarki, da hita: duk abin da ba ya motsi sai wuta ta zo da ƙarfinta. Alhasan, wani ɗan kasuwar Maraɗi da suke otal ɗaya, ya tarar ana lodin kwalayen, ya tsaya yana kallo.

"Alhaji, da wace wutar za a kunna su?"

Alhaji ya yi murmushin wanda ya san abin da ba a faɗa wa kowa, ya ce masa ya gaida mutanen Maraɗi.

Ana gobe zai tashi, ƙaninsa Shehu ya kira daga shago. Layin wuta ya sake faɗuwa, gari ya yi tsit, mutane sun yi dafifi a ƙofa. Har janaretan da suke kunnawa don gwaji an saye. Yaushe kaya za su iso?

Alhaji ya ce masa ya kwantar da hankalinsa. Amma da ya ajiye wayar, sai ya ga babu laifi a ɗauki 'yan kaɗan saboda masu taurin kai. Ya tari tasi zuwa masana'anta.

Ya tarar ma'aikata suna fita da jakunkunan tafiya gida. A tsakar fili ana cusa janaretoci cikin kwantena, irin nasa, launin da ya zaɓa da kansa. Madam Liang ta tarbe shi da shayi da fara'a, ta saurare shi har ya gama, sannan ta girgiza kai.

"Meyo, laoban," ta ce da Sinanci, wato babu, maigida. "Babu ko ɗaya."

Ya nuna kwantenonin, ya tambayi na wane ne. Ta dube shi da mamaki, kamar mai tunanin ai tare suka shirya.

"Na abokinka Injiniya ne. Duk shekara yana gama jawabin teku yake zuwa nan ya ninka odarsa. Bana ne kawai ya makara, bai samu gurbi ba sai da ka saki naka."