Baƙin Mai a Lambun Inusa

Shekara biyu ke nan Takama yana riƙe da Inusa a zuciya. Lambunansu na albasa suna maƙwabtaka a fadamar Badaguishiri, na Inusa daga sama, na Takama daga gangare. Wata damina ruwa ya kwashe darnin da ke tsakaninsu, da aka zo sake kafawa sai dattawa suka ba Inusa fangali uku da Takama ke rantsuwa na ubansa ne. Tun ranar ko sallamar Inusa ba ya amsawa.

Da masu gyaran hanya suka kafa injin dafa kwalta a tudun bayan fadamar, Takama ya samu aikin gadi. Nan ya ga irin ƙazantar da ake tarawa: baƙin man da ake juyewa daga injuna, gas mai ɗiga daga tankoki, ruwan wankin manyan motoci, ga gangunan kwalta suna yoyo. Shugaban wurin, wani marar tsoron Allah da ke ƙyashin ɗauko motar kwasa, ya ce a nemo inda za a zubar.

"Na san wani rami, babu mai shi," in ji Takama.

Ramin kuwa kwazazzabo ne da ke daidai kan lambun Inusa. Duk rani ana tuttula baƙin mai a ciki ana rufewa da yashi. Da Bara'atu matar Takama ta ji, sai ta dafe ƙirji.

"Malam, mi Inusa yay yi maka haka? Ka ji tsoron Allah."

"Ƙyale shi. Shi ma shi ji in da daɗi."

Ruwan farko ya wanko komai zuwa fadama. Bayan damina Inusa ya dasa albasa, ta yi rawaya, ta kwanta. Ya sake dasawa, ta sake mutuwa. Takama har ƙarin tuwo ya nema don murna.

Murnar ba ta yi wata guda ba. Wata safiya Bara'atu ta jawo guga a rijiyar lambunsu, sai ga maiƙo yana ƙyalli a kan ruwan, warin gas kamar a tashar mota. Bijiman huɗar Takama biyu da ke sha a kududdufin gefe suka kumbura, suka mutu. Albasarsa ta ruɓe tun a ƙasa. Lambu tara suka lalace, malamin gona ya ce za a yi shekaru kafin ƙasar ta farfaɗo.

Masu kwalta kuwa tuni sun naɗe kayansu sun yi gaba, amma wani direba ya faɗi wanda ya nuna musu ramin. Masu lambu suka yanke hukunci: Takama zai haƙe baƙar ƙasar da hannunsa, kuma ba wanda zai yi masa gayya.

Har yau yana can yana haƙa, tafukansa duk sun tsattsage. Inusa, da ake gani kamar ba ya fushi, kullum sai ya shimfiɗa tabarma a inuwa yana kallonsa.

"Haƙa, Takama," yake cewa. "Har yanzu baƙa ta."

Jama'a, man da aka zuba a ƙasa yana bin ruwa ya shiga gona da rijiyar kowa. Kada mu bar masu kwalta su binne ƙazantarsu a fadamunmu, kada kuma ƙiyayya ta sa mu nuna musu wurin zubarwa.