Saƙon Hantsi

Tun da aka kafa dokar saƙon hantsi, wayoyin ƙasar nan lokaci guda suke ƙara da tambaya ɗaya: "An sha?" Kowa sai ya kurɓi ruwa ya amsa. Masu cutar ƙanjamau kan haɗiye maganinsu cikin wannan kurɓin, ba mai gane su.

Ranar Asabar Inna Tabawa tana tankaɗe a tsakar gida sai ƙarar ta tashi har gidajen maƙwabta. 'Yarta Lubabatu, malamar firamare, tana wanka, ta bar wayarta a kan turmi. Inna ta amsa tata, ta amsa wa 'yar, kamar yadda ake yi wa juna.

Wayar Inna ta yi shiru kamar kullum. Ta Lubabatu kuwa ta sake motsi da saƙo daga asibiti: "Madalla. Amma maganinki ya ƙare tun watan jiya, ba ki zo kin karɓa ba. Muna jiran ki Litinin."

Inna tana riƙe da wayar har Lubabatu ta fito. Tana ganin fuskar uwar ta tsaya cak.

"Ashe ruwa zalla kike sha, 'yar nan?"

Lubabatu ta sunkuyar da kai. "Inna, sabuwar mai ba da maganin, uwar ɗalibata ce. Na kasa shiga."

Inna ta karkaɗe garin da ke zaninta. Sannan ta miƙa mata wayar.

"Rubuta musu mutum biyu ne za su zo. Ni zan shiga gaba, ta fara kallona tukuna."