Allon Da Ke Ƙara Gudu

Kana wurin aka lakaɗa wa bakanike duka, ka kau da kai.

Da sifana bakaniken ya farfasa allon awon gudu na wani ƙaramin jirgin sama. Mai jirgin ya shaƙe shi, ya gwara kansa da fiffike.

"Ɗan iska! Yau masu saye za su gwada shi!"

Bakanike ya tofar da jini. "Alhaji, kai ka sa na saita allon ya nuna gudun da jirgin ba ya yi. Matuƙi zai yarda, ya rage wuta, ya rikito. Ka san wa suka ɗauko?"

Sai ga matuƙiya ta shigo, 'yar Alhaji ce. "Baba, ina makullin?"

Hannun Alhaji ya saki.

Kai da ka san wani allon da ke ƙarya, tona shi yau.