Ranar da Harisu Ya Manta Kifi

Sai da Harisu da baƙinsa suka shiga lungun farko na unguwar Tahaggart sannan ya shafa aljihunsa ya ji wayam. Gwangwanin sardin yana can ɗakinsa a unguwar Gataa El Oued, kusa da buta.

Sana'ar kuwa duk a kan gwangwanin nan take. Harisu ɗan Damagaram ne, aikin gini ya kawo shi Tamanrasset. Wata rana ya kai wa Abdurrazak, mai buro, wato ofishin yawon buɗe ido, wata shawara: baƙin da suka gaji da hawan duwatsu, a zagaya da su tsohuwar unguwa a ƙafa su gaisa da kyanwoyin titi. Abin ya karɓu. Baƙi suka sa masa suna abokin kyanwoyi, shi ma ya amsa, bai gaya wa kowa cewa man kifi yake shafawa a ƙafar wandonsa ba.

Yau ce kuma ranar gwaji. Da safe Abdurrazak ya ja shi gefe ya ce, "A cikin baƙin yau akwai wanda ba na tsallake maganarsa. In ya yaba, ka ajiye cebur, aiki ya zama naka."

Harisu bai sha wahalar gane mutumin ba. Akwai mata da miji 'yan birnin Alje, akwai wata tsohuwa mai shuɗin lulluɓi da baƙin tabarau, sai kuma wani mai tumbi da kyamara mai dogon baki. Mai magana a buro ai ba ya ɓuya. Harisu ya manne masa, yana zuba Faransanci yana cikawa da Larabcin kasuwa.

Suka tsaya gindin wani jan bango inda kyanwoyi suka saba tarbarsa. Ko ƙyallin wutsiya babu. Ya yi tsaki irin na kira, ya tafa cinya. Mai kyamara ya duba agogo.

Harisu ya durƙusa kamar mai gyara takalmi, ya yi ƙasa da murya da Hausa, tunda ba mai ji. "Ku rufa mini asiri. Na manta kifi, gobe biyu zan kawo."

Tsohuwar, da ke tafe a baya tana jan ƙafa, ta iso ke nan tana tari. Sai ga wata farar kyanwa ta diro daga bango. Wata ta leƙo ta ƙarƙashin ƙofa. Kafin ya miƙe, lungun ya cika da kuka da ɗagaggun wutsiyoyi, har da waɗanda bai taɓa gani ba.

Ƙwalla ta kusa zubo masa. Ashe dai ba kifin suke bi ba. Ashe so ne.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Wannan mai yagaggen kunne, in ji shi, da ayarin gishiri kakanta ya zo. Waccan ba ta cin abinci sai ta ji kiran salla. Mai kyamara yana ta ɗauka, matar Alje tana dariya har da riƙe ciki. Abu ɗaya ke ɓata masa rai: tsohuwar. Kullum tana baya, kyanwoyin kuma, don rashin wayo, suna ta harɗe mata ƙafa maimakon su zo gaban kyamara.

"Wannan tsohuwa za ta kashe mini kasuwa," ya ce a ƙasan maƙoshi, sannan ya juya ya yi mata murmushi, ya miƙa hannu ya taimaka mata ta tsallake kwata. Ya karɓi jakarta ma, mai ɗan nauyi, ya rataya. Nan take kyanwoyi suka dawo kansa, ya ƙara tabbatar da baiwarsa.

A wata mararraba ya rikice, ya rasa dama ko hagu. Tsohuwar ta riga ta karya hagu abinta, ya bi ta yana cewa dama nan ya nufa.

Zangon ƙarshe wata koriyar ƙofa ce a inuwar itace, inda wani ƙaton jan muzuru ke kwance kan dakali. Nan Harisu ya ajiye babban labarinsa.

"Wannan shi ne Janar," ya ce. "Gidan nan na wata mafaɗaciyar tsohuwa ne. Maza uku ta aura, duk suka gudu da dare ba ko takalmi. Janar kaɗai ya iya zama da ita, shi ma don ba ya jin magana ne."

Aka fashe da dariya. Mai kyamara ya dafa kafaɗarsa ya ce bai taɓa yawo mai daɗin wannan ba. Harisu ya ji kamar ya yi sujada a wurin. Ya shiga raka baƙi bakin titi, sai ya tuna jakar mutane tana kafaɗarsa, ya dawo da sauri.

Ya tarar da tsohuwar tsaye a bakin koriyar ƙofar, muzurun yana goga kai a ƙafarta. Ta karɓi jakar, ta zaro ƙunshin busasshen nama, ta zaro mabuɗi. Ƙofa ta buɗe, kyanwoyin suka kwarara cikin zaure, kowace ta nufi kwanonta. Ta cire tabarau, ta dube shi sama da ƙasa, ta yi magana da Hausar Agadas tsantsa.

"Kana da hannun taimako, ɗana, gobe ka kama aiki. Amma ka gyara labarinka: miji ɗaya na yi, kuma shi ne uban Abdurrazak."