Ranar da Dattijo Ya Amsa Kira

Dattijo ya mutu da bazara, ba tare da ya shawarci kowa ba.

Kada ne, a wani gurbi na kogin da ke ƙasa da Toranke, tun kafin Turawa su ci Kano. Mutanen ƙauyen sun ce shi ya goyo kakansu na farko ya ƙetarar da shi. In haka ne, ya yi rayuwar kada biyar shi kaɗai, amma ba a san mutanen wurin da yawan bincike ba.

Fatake da masu yawon ganin ƙasa kan yada zango don su gan shi. Lurwanu ke kai su, aikin da ya gada daga ubansa. Yakan fara da kufan tsohon gari, ya bi da su ta tarin kashin ƙarfe na maƙeran Gaya na da, sannan ya ƙare da gurbin. Kufai dai ƙasa ce, kashin ƙarfe kuwa tsakuwa ce mai nauyi. Dattijo ake zuwa gani.

Saboda haka da Lurwanu ya tsinci gawar cikin kyauro, bai yi shela ba. Taubashinsa Inuwa ya kira, suka feɗe, suka jeme fatar, Barira matar Inuwa ta ɗinke. Tun daga nan, in baƙi sun zo, Inuwa kan shiga fatar da gora a ƙarƙashin ƙirji, ya yi lamo daga nesa, ya ɗan kaɗa wutsiya. Baƙi suka ce Dattijo ya ƙara natsuwa.

Ana nan sai ga Malam Uthman, attajirin Kano mai bin garuruwan kogi yana tambayar asalin kowace rijiya. Yana neman mafitar kogi da ayarinsa zai riƙa sauka duk shekara, kuma mutanen ƙauyen gaba suna da wata kuka da suke ƙarya da ita. Dagaci ya kira Lurwanu ya yi masa magana a taƙaice. In baƙon ya wuce bai zaɓi mafitarsu ba, aikin kai baƙi ya bar gidan su Lurwanu.

Lurwanu ya nufi wajen Inuwa da sassafe, ya same shi dafe da ciki.

"Wake ne," in ji Inuwa. "Ya zo mini da faɗa."

"Ko yaƙi ya zo maka da shi, bawana, yau kada ne kai. Kuma ba daga nesa ba. In na kira, ka zo har gabana."

"Wa ye bawanka? Ubangidanka dai."

"To ubangida, a taimaka a shiga ruwa."

Da hantsi aka fara zagaye. Malam Uthman ya dubi kufai ya yi hamma. Ya ɗauki kashin ƙarfe ya juya, ya ce akwai irinsa a bayan gidansa. Dagaci na biye, yana kallon ƙeyar Lurwanu.

A bakin gurbin Lurwanu ya gyara murya, ya jero kirarin Dattijo. Bai kai ƙarshe ba ruwa ya dare. Wannan ya ba shi mamaki kaɗan, don Inuwa ko wajen cin tuwo sai an jira shi. Tsoron dagaci, ashe, magani ne.

Fatar na sheƙi, ko ɗinki ɗaya ba a gani. Lurwanu ya ƙudura a ransa zai yi wa Barira godiya ta musamman, ita da man shanunta.

Baran attajirin ya jefa cinyar akuya. A al'ada Inuwa kan ja naman cikin kyauro, a raba da yamma. Yau sai baki ya buɗe ya rufe, cinya ta ɓace. Lurwanu ya haɗiye takaici. Cikin fatar akwai wurin ɓoyo, ya sani, kuma ya san halin taubashinsa.

"Na ga kada da yawa," in ji Malam Uthman. "Duk suna cin nama. Ina amanar da ake faɗa tsakaninku da shi?"

Lurwanu ya naɗe wando ya shiga ruwa har gwiwa. Ya dafa hancin Dattijo, ya shafa, ya sunkuya kamar mai gaisuwa.

"Ɓarawo," ya raɗa masa. "Rabina na nan, ko na fasa maka gora."

Dattijo ya dube shi da ido ɗaya. Don a ƙara wa baƙo, Lurwanu ya ɗan mare shi a kunci, ya juya ya zauna a gadon bayansa, ya ba da labarin ƙetarar kakansu tun daga farko, har da sassan da yakan tsallake. Da ya gama ya tashi, Dattijo ya nutse, bai sake fitowa shan iska ba.

Malam Uthman ya daɗe yana salati. Ya cire rigarsa ta sama ya yafa wa Lurwanu, ya ce ayarinsa ba shi da mafita sai wannan. Dagaci ya yi murmushi, abin da aka daɗe ba a gani ba.

Lurwanu ya wuce gidan Inuwa kai tsaye, rigar na jan ƙasa, don ya karɓi rabin cinyarsa. A zaure ya ci karo da Barira, ta durƙusa tana murza hannu.

"Don Allah ka yi haƙuri, Yaya," in ji ta. "Tun fitarka yake zarya bayan gida, ko tsakar gida bai iya ƙetarewa ba, ga fatar can a rumbu ko taɓa ta ba a yi ba."