Ina Filtar Mustang?

"Prisca, ba ki ga filtata ba?" Josiah, mijina, yana ta buɗe durowoyin kicin.

Ina shayar da jaririyarmu Nanven, kofin kunun gyaɗa a hannuna, ko kallonsa ban yi ba. Tun da ya sayi motar nan Mustang ba shi da zance sai ƙara wa inji ƙarfi. Ya canza wa motar salansa, ya sa wata jar filtar iska mai kama da kwando. Shekaranjiya ya ciro ta, duk ƙura da mai da matattun ƙwari, ya ajiye a kicin wai zai wanke.

"Na hana ka kawo ƙazantar mota inda nake wanke kwalaben yarinya," na ce. "In na gan ta, shara za ta."

"Haba! Ran Asabar akwai taron masu motoci a titin Elm Street."

Sai ga Mama, surukata da ta zo daga Jos taya ni jego, da wani kofin.

"Ƙara sha, 'yata, nono ya zo. Kai kuma Josiah, Allah ya yi maka albarka. Jar rariyar nan da ka sayo, ban taɓa ganin irinta ba. Ɗauraye ta kawai na yi. Tun shekaranjiya da ita nake tace kunun matarka."

Na zare nono daga bakin Nanven, ina laluben lambar likita a waya.

Josiah ya dafe kai.

"Mama, ba dai da ruwan zafi ba? Ruwan zafi yana lalata ta!"