Rashi a Gidan Baba

"Ka zo gida, an yi rashi," in ji maƙwabciya a waya, tana kuka. Yaya bai tambayi ko wane ne ba. Baba ya yi shekaru a kwance, ko cokali ba ya iya ɗagawa.

A mota ya ce wa matarsa, "Baba ya huta, Auta ma ta huta. Kullum ƙorafi, wai ta gaji, wai a zo a karɓe ta ko na mako ɗaya. Wa ke zaune? Ita da ba ta zuwa aiki."

Ya tarar da tsakar gida cike da mata. Yana cikin amsa gaisuwa sai ya ji murya daga ɗaki.

"Auta, zo ki juya ni. Bayana ya yi zafi."

Muryar Baba ce.

Maƙwabciya ta dubi Yaya ido cikin ido. "A bakin famfo muka tsinci ƙanwarka, zanin gadonsa na hannunta. Tun safe yake kiranta, mun kasa faɗa masa. Shiga ka juya shi, in ka san yadda ake yi."